Tafiyar jirgin ƙasa na dare a kudancin Afirka da jakar goyo: amsar tambayoyin da kuke ta jefo min

Tun da na dawo daga yawon nan ba a bar ni na huta ba, a majalisa tambaya, a waya tambaya, har gwaggona sai da ta sa aka kira ni wai da gaske ne mutum yana kwana biyu cikin jirgi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, to a ina yake salla. Shi ne na ce bari in tattara su waje ɗaya in amsa, wanda ya sake tambaya in ce masa je ka karanta. Yawancin maganar a kan jirgin Tanzaniya zuwa Zambiya ce don shi na fi sani, sauran ƙasashen zan taɓo su can ƙasa.

Wai wane jirgi ne ma ake magana a kai?

TAZARA sunansa. Layin dogo ne da ya tashi daga Darussalam a bakin teku ya ƙare a wani ƙaramin gari, Kapiri Mposhi, a tsakiyar Zambiya, kilomita 1,860. In kana so ka kwatanta, tsohon layinmu na Legas zuwa Kano bai kai kilomita 1,200 ba, ka ga wannan ya fi shi nesa ba kusa ba. Faɗin dogon kuma iri ɗaya ne da namu na da, wato ɗan siririn nan, shi ya sa duk wanda ya taɓa hawa jirgin Kano zuwa Legas zai gane rangajin da ƙarar nan ta kacau-kacau tun a daren farko.

A hanya ana bi ta Ifakara, Mlimba, Makambako, Mbeya, sai boda a Tunduma wanda ɓangaren Zambiya ake kira Nakonde, daga nan Kasama, Mpika, Serenje, sai Kapiri. Kada ka haɗa shi da sabon jirgin lantarki na Darussalam zuwa Dodoma da aka buɗe a 2024, wancan daban ne, tasharsa ma daban. Tashar TAZARA tana kan titin Nyerere hanyar filin jirgin sama, ka ce wa mai bajaji (keke napep ɗinsu kenan) "TAZARA" kawai, ba wanda bai san wajen ba.

An ce 'yan Chana ne suka gina shi, me ya kai su can tun wancan zamanin?

Haka ne. Zambiya ba ta da teku, arzikinta kuma jan ƙarfe ne, kuma babbar hanyarsa ta fita ta kudu take, ta Rodeshiya wadda yanzu ita ce Zimbabuwe. A 1965 Ian Smith, firaministan Rodeshiya, da turawansa tsiraru suka ce sun ɓalle daga Ingila za su ci gaba da mulkin baƙar fata, shi kuma shugaban Zambiya Kenneth Kaunda yana goyon bayan masu yaƙar su, ka ga maƙogwaronsa yana hannun abokin gaba kenan. Shi da shugaban Tanzaniya Julius Nyerere suka nemi a gina musu hanya ta arewa zuwa teku, Bankin Duniya da ƙasashen yamma suka ce ba riba a ciki. Chana ta Mao ta ce za ta yi, bashi ba ruwa. Aka fara a 1970 aka gama a 1975, aka miƙa musu a 1976. Mutum sama da 160 suka mutu a aikin, cikinsu har da 'yan Chana 64. Har yanzu tsofaffi suna kiransa layin Uhuru, 'yanci kenan da Suwahili.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kamfanin CCECC da ya yi mana layin dogon Abuja zuwa Kaduna, asalinsa daga sashen da ya yi aikin TAZARA ya fito, kuma shi ne yanzu aka sake ba wa aikin gyaran layin. In ka shiga tashar Darussalam za ka ga ginin kamar an ɗauko shi daga Chana ta wancan lokacin an dire, katon zaure, dogayen tagogi, benci-benci jere.

Awa nawa ake yi?

A takarda wajen awa 46 ne, kwana biyu kenan. A zahiri kuma, malam, ka bar agogo a aljihu. Kowa a ƙasashen biyu ya san jirgin nan da latti, ana ƙara rabin yini, ana ƙara yini guda, dogon ya tsufa, kawunan jirgin kaɗan ne, layi ɗaya ne kuma sai an tsaya an ba wa na kaya hanya. Don haka shawara ta farko kuma wadda ta fi kowace, kada ka kuskura ka sayi tikitin jirgin sama na washegarin ranar da aka ce za ku isa. Ka bar kwana biyu ko uku a tsakani. Wanda ke sauri ya hau bas ko ya bi ta sama, ba wanda zai zarge shi. Wannan jirgin na mai lokaci ne, wanda zai iya zama a bakin taga daga hantsi har la'asar yana kallon daji bai ji an cuce shi ba.

Ranakun tashi kuma suna canzawa, tun bayan korona an sha sauya tsarin, wani lokaci jirgi ɗaya ya wuce kai tsaye wani lokaci sai an sauka a boda an canza. Ka kira tasha ko ka je da ƙafarka kafin ka tsara komai.

Wane aji zan saya, kuma yaya ake sayen tikitin?

In dai za ka kwana, ka sayi aji na ɗaya. Ɗaki ne mai gado huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da ɗan tebur a gindin taga, ana ba da zanin gado da bargo da filo. Aji na biyu gado shida ne, uku-uku, ba laifi amma in kana da tsawo gadon tsakiya zai koya maka ladabi. Na uku kujeru ne kawai, nan 'yan kasuwa da mutanen ƙauye suke da buhunhunan shinkafa da kaji, ana hira ana raha, sai dai kwana biyu a zaune ba wasa ba ne, ni dai yawo na shiga na gaisa na dawo gadona. Bambancin kuɗin na ɗaya da na biyu bai taka kara ya karya ba, kuma duka-duka tikitin bai kusa da kuɗin jirgin sama ba.

Ka je tasha kwanaki kafin ranar, da fasfo ɗinka da tsabar kuɗi, ka karɓi tikitinka a hannu. Gadajen kwana suna ƙarewa da wuri musamman lokacin hutun makaranta da Kirsimeti. Ka roƙi gadon ƙasa in kana son taga, ka roƙi na sama in kana son a ƙyale ka ka yi barci, don na ƙasa da rana kujerar kowa ce.

Ni mace ce, za a haɗa ni ɗaki ɗaya da maza?

A'a 'yar'uwa, wannan ma yana cikin abin da ya burge ni. Ɗakunan kwana a rabe suke, maza daban mata daban. Abin har ya kai mata da miji ma raba su ake yi, sai in sun sayi gadajen ɗakin gaba ɗaya. Don haka Alhaji in da Hajiya za ka tafi, ka biya gado huɗun ku rufe ƙofarku, kun huta da baƙon ido, ga wajen salla ga wajen ajiye kaya. Na ga mata da yawa suna tafiya su kaɗai, 'yan kasuwa masu saro kaya daga kasuwar Kariakoo ta Darussalam suna kaiwa Zambiya, su ne ma suka fi kowa sanin kan jirgin, in kin samu ɗaya a ɗakinku kin samu uwar ɗaki. Hijabi kuma ba baƙon abu ba ne a Tanzaniya, ba mai kallon ki sau biyu.

To salla fa? Tambayar gwaggo kenan.

Ana yi. Ka tafi da ƙaramar buta da sallaya mai naɗewa. Akwai wajen wanke hannu a ƙarshen kowane tarago, nan nake alwala, amma ruwan yana iya ƙarewa kafin a kai tashar da za a sake cikawa, shi ya sa kullum nake ajiye gora ɗaya ta alwala daban ban taɓa ta don sha. Tsakanin gadajen akwai fili daidai mutum ɗaya, in ka ce wa abokan ɗaki za ka yi salla su da kansu za su ɗage ƙafa, wani Bazambiye Kirista da muka kwana ɗaki ɗaya shi ne ma yake fita ya tsaya a baranda har in sallame. Ni ƙasaru na yi ta yi ina haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i, in an yi doguwar tsayuwa a babbar tasha kamar Mbeya sai in sauka in yi a ƙasa hankali kwance. Hukuncin dalla-dalla ka tambayi malaminku kafin ka taso.

Amma ga inda na kusa yin abin kunya. Mu mun saba alƙibla gabas ce, har "fuskantar gabas" muke cewa. A can ba haka ba ne. Darussalam tana ƙasan Makka ne kusan daidai, don haka alƙibla arewa take sak, a Zambiya kuma arewa ce ta ɗan karkata gabas kaɗan. Ranar farko a masauki na shimfiɗa sallaya ina kallon inda rana ke fitowa, sai wani dattijo mai shara ya zo ya kama gefen sallayar ya juya min ita bai ce komai ba, ya nuna min bango ya ce "kibla". A cikin jirgi in kuna tafiya Zambiya, galibi alƙibla tana hannun damanka ne in ka kalli inda jirgin ya dosa, sai dai a cikin duwatsu jirgin yana murɗawa kamar maciji, ka duba kamfas ɗin wayarka lokacin kabbara ka bar sauran ga Allah.

Abinci fa, akwai na halal?

Akwai taragon abinci, kuma ma'aikaci yana zagayowa ɗakuna ya tambayi me za ka ci ya kawo maka har gado. Da safe shayi da burodi da ƙwai. Rana da dare shinkafa ko ugali da kaza ko kifi ko naman sa da ɗan ganye. Ugali tuwon masara ne kawai ya ɗan fi namu tauri, in an shiga Zambiya sunansa ya koma nshima, abu ɗaya ne. Ba miyar kuka ba kuɓewa, yaji kuma sai ka nema, don haka ƙullin yajinka na gida zai yi maka rana, nawa sai da ya zagaya ɗakin gaba ɗaya.

Maganar yanka, a ɓangaren Tanzaniya musamman bakin teku Musulmi suna da yawa kuma galibi su ke yanka, a Zambiya kuma Kiristoci ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Ni abin da na yi, da muka tsallaka boda na koma kifi da ƙwai da wake, shikenan ba wasiwasi. Ka lura da tsiran turawan nan da ake sawa a karin kumallo, ka ce a cire maka.

Daɗin abincin ma ba a taragon yake ba, a tashoshi yake. Jirgi na tsayawa za ka ga mata da yara sun taso da faranti a ka, ayaba, gasasshiyar masara, dafaffen ƙwai, gyaɗa, rake, mandazi wanda kusan fanke ne, kana miƙa kuɗi ta taga ana miƙo maka. A wajen Mbeya ayaba da fiya kamar a ba ka kyauta. A Zambiya kuma in lokacinsu ne za a miƙo maka soyayyun tsutsotsin bishiya, ifishimu suke ce musu, na yamutsa fuska sai abokin ɗakina ya tambaye ni ashe ba ku ne masu cin fara ba, na yi shiru. Ka riƙe ƙananan kuɗi don ba mai ba ka canji jirgi yana tafiya.

Taragon shaƙatawa kuma akwai giya da kiɗa har dare, in ba harkarka ba ce ka ci abincinka a ɗaki.

Banɗaki?

Na tsuguno ne a ƙarshen tarago, ranar farko fes, rana ta biyu sai haƙuri. Silifas, sabulu, buta. Ka riƙe ƙarfen bangon da kyau don jirgin yana fizga ba sanarwa, kuma kada ka shiga da waya a aljihun gaba, ramin kai tsaye kan dogo yake zubawa.

Da gaske ana ganin namun daji ta taga?

Da gaske ne amma da sa'a. Layin ya ratsa gefen dajin Selous, wanda aka yanki babban ɓangarensa a 2019 aka sa masa sunan Nyerere. Ana ganin raƙumin dawa, jakin dawa, barewa, gwaggon biri, mai rabo har giwa. Matsalar ita ce in daga Darussalam ka taso da yamma, kafin ku kai wajen duhu ya kusa ko ya riga ya yi. Mai tahowa daga Zambiya shi ya fi samun wucewa da rana. Nan ne ma latti yake zama alheri wani lokacin, don yana iya jefa ku dajin da hantsi.

Ni a wajena ma ba dabbobin ne abin kallo ba. Tsakanin Mlimba da Makambako ne, wajen kilomita 160 da jirgin yake hawa daga kwarin Kilombero mai zafi da gonakin shinkafa zuwa kan tsaunuka. Nan ne aikin ya fi ba wa maginan wuya, yawancin ramukan da aka fasa cikin duwatsu a nan suke. Za ka ji ɗif duhu ya rufe ku ƙarar ta cika kunne, ku fito sai ga ku a kan gada, ka leƙa ƙasa ka ga kan bishiyoyi can nesa, in ka waiga ka hango wutsiyar jirginku tana fitowa daga ramin da kuka baro. A wasu kwaruruka akwai tsofaffin taragun kaya da suka faɗa tun tuni sun yi tsatsa ciyawa ta fito ta cikinsu, wannan kam in ka gani sai ka ƙara salati. Bayan Mbeya da boda ƙasar ta miƙe, daji ne iri ɗaya har Kapiri, nan ne ake barci da hira da karatu.

Afirka ce ai, sai na ɗauki rigar sanyi?

Ɗauki, kuma mai kauri. Ni ma haka na ce, ɗan Kano da ya saba hunturu me zai ba shi tsoro, na bar Darussalam ina zufa da 'yar shara-shara. Asuba ta yi mana a kan tsauni na farka haƙorana suna haɗuwa, na naɗe da bargo na ƙara da sallaya a kai. Layin yana hawa har kusan mita 1,800 a wajen Mbeya, ya fi Jos tsawo. Kuma lokutansu a juye suke da namu, Yuni da Yuli ne tsakiyar sanyinsu lokacin mu muna damina, ruwan sama kuma daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Suwaita, safa, hular sanyi. In ka rufe taga zafi in ka buɗe sanyi da ƙura, haka za ku yi ta ja-in-ja da abokan ɗaki cikin raha.

Biza fa, da koren fasfo ɗinmu?

Nan ne aikin yake, kuma nan za ka fara kafin ka sayi ko jaka. Kada ka bi labarin turawa masu cewa a boda ake buga musu, fasfo ɗinsu daban naka daban. Tanzaniya ta sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da ba a ba su biza a filin jirgi, sai ka nema tun kana gida ta intanet a tura takardunka a duba, kuma yana ɗaukar makonni, don haka ka nema da wuri sosai. 'Yan'uwanmu na Gana su sun huta, ba sa buƙatar biza ta Tanzaniya. Ta Zambiya ma ka gama da ita kafin ka hau jirgin, ka buga takardar a kan fefa ka riƙe kwafi biyu, don jami'in da zai shigo ɗakinku da tsakar dare ba zai tsaya jiran wayarka ta samu sabis ba. Katin rigakafin shawara, yalon katin nan, dole ne, ka haɗa shi da fasfo waje ɗaya. Ka kuma riƙe shaidar masaukin da ka kama da tikitin komawa gida, mu ana yi mana tambayoyi fiye da wasu, ba sai na faɗa maka dalili ba, ka amsa da sanyin murya ka wuce.

Zuwa can kuma, Ethiopian Airlines tana tashi daga Kano da Abuja da Legas ta Adis Ababa zuwa Darussalam.

Yaya ake yi a boda, kuma kuɗi fa?

Jami'an shige da fice na Tanzaniya su buga maka fita a Tunduma, na Zambiya su buga shiga a Nakonde. 'Yan canji kuma suna shigowa da damin kuɗi a hannu suna bin ɗaki-ɗaki. Kana buƙatar su, don da an tsallaka taragon abinci ya daina karɓar shilin ɗin Tanzaniya sai kwachar Zambiya. Ka san farashin ranar tun kafin ku iso, ka canza kaɗan daidai na abinci da motar Lusaka, ka ƙirga a gabansa kafin ka miƙa naka. Ni wani ya ƙirga min da sauri-sauri yana ta surutu, sai da ya sauka na ga takarda biyu sun yi ɓatan dabo, ba yawa amma ta ƙona min rai, ɗan Wapa guda, kasuwar 'yan canjin Kano, a yi masa haka. In dala za ka riƙe ka samu sababbi marasa yagewa.

Ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Tanzaniya tana gaban Najeriya da awa biyu, Zambiya da awa ɗaya.

Ba na jin yarensu, zan iya?

A Zambiya Turanci ya wadatar, ko da yake a arewacin ƙasar Bemba aka fi yi. A Tanzaniya Suwahili ne sarki, amma Bahaushe zai ji kamar ya san rabin yaren saboda Larabcin da ke ciki: habari labari, dunia duniya, sabuni sabulu, kalamu alƙalami, Alhamisi da Ijumaa ga su nan kamar namu. Ka koyi "asante" na gode, "bei gani" nawa ne, "maji" ruwa, dattijo kuma ka ce masa "shikamoo", za ka ga fuskarsa ta sake.

Sai dai ka yi hattara da agogonsu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", awa ta ɗaya. Mai masaukina ya ce min in kasance a tasha "saa saba", ni kuma da ɗan Larabcina na ji saba'a na ce bakwai kenan, na yi sammako ko karyawa ban yi ba na isa tasha bakwai na safe ba kowa sai masu shara. Ashe ƙarfe ɗaya na rana yake nufi. Awa shida na yi a kan benci ina gadin jaka. Duk lokacin da aka faɗa maka da Suwahili ka ƙara shida ko ka cire shida, ko ka ce a nuna maka a fuskar waya.

Ɓarayi fa?

Ba abin tayar da hankali ba ne, sata ce irin ta ko'ina. Ƙofar ɗaki tana da sakata, ku sa da dare. In an tsaya a tasha cikin duhu ku rufe taga, don hannu yana iya shigowa ya ɗauke wayar da ke kan tebur. Fasfo da kuɗi a jikinka ko za ka banɗaki. Babbar jaka ka tura ta ƙarƙashin gado ka sa mata ɗan kwaɗo. In za ka sauka miƙe ƙafa kada ka yi nisa, jirgin yana iya yin awa biyu a tsaye kuma yana iya tashi da ƙaho ɗaya.

Me zan zuba a jakar?

Jakar goyo ɗaya wadda za ka iya tafiyar rabin awa da ita ba ka tsine mata ba, akwati mai taya wahala ce kawai a tashoshin nan. Ruwan sha manyan gora biyu ko uku, fawa bank mai ƙarfi don soket ɗin jirgi ba abin dogaro ba ne, tocila, maganin sauro na shafawa da na zazzaɓi, na gudawa, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari don ranar da abinci ya ƙare a taragon kafin a isa. Kilishi yana da daɗin tafiya amma wasu bododin ba sa barin nama ya shiga, ka cinye abinka kafin nan. Kan caja irin namu mai ƙafa uku yana aiki a Tanzaniya da Zambiya, Afirka ta Kudu ce mai nata daban, manyan ƙafafu masu zagaye.

Sauran ƙasashen fa, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, ba jiragen dare?

Da akwai su da yawa, har mutum yana iya haɗa Kef Tawun da Darussalam kusan duk a kan dogo da kuɗi kaɗan. Yanzu abin ya lalace, kuma yawancin labaran da za ka karanta na kafin 2020 ne, kada su ruɗe ka.

Na Zimbabuwe da aka fi so shi ne Bulawayo zuwa Victoria Falls, dare ɗaya, tsofaffin taragun Ingila na shekarun 1950 masu katako a bango, har da tambarin RR na kamfanin jirgin ƙasan zamanin Rodeshiya a jikin madubi, yana bi ta gefen dajin Hwange. An dakatar da shi lokacin korona. A Afirka ta Kudu akwai Shosholoza Meyl, Johannasbag zuwa Kef Tawun, sama da kilomita 1,500 ta Kimbali da busasshiyar ƙasar Karoo, kwana ɗaya da 'yan awoyi. An tsayar da shi a farkon 2020 bayan wani karo da ya yi da jirgin kaya, korona ta biyo baya, ɓarayi suka yi ta kwashe wayoyin lantarki da kayan tashoshi. An gwada dawo da shi a Disamban 2023, tafiyar farko ma ba ta kai Kef Tawun ba sai a bas aka ƙarasa da fasinjoji. Botsuwana ma jirginta na dare tsakanin Lobatse da Francistown ya tsaya bayan hatsarin ambaliya na ƙarshen 2019. Duk wanda kake so a cikinsu ka tabbatar yana tafiya a watan da za ka je, in ba haka ba bas na nan.

Masu tafiya har yanzu su ne Blue Train da Rovos Rail, amma waɗannan otal ne a kan dogo, da ɗan'uwa mai jakar goyo da su sai dai ya ɗaga musu hannu daga bakin tasha.

In na sauka a Kapiri Mposhi sai ina?

Ba abin zama a Kapiri, mahaɗa ce kawai. Ƙananan bas suna jiran jirgin a bakin tasha ko ƙarfe nawa ya iso, Lusaka wajen kilomita 200 ce, awa uku zuwa huɗu. In cikin dare kuka iso gara ka zauna cikin tasha tare da sauran fasinjoji har gari ya waye. A Lusaka akwai masallatai da gidajen abincin halal na Indiyawa, nan za ka rama naman da ka yi kwana biyu ba ka ci ba. Daga nan yawanci Livingstone ake wucewa, yini guda a bas, don ganin Victoria Falls, inda katon kogi ke zubowa daga kan dutse, wanda mutanen wajen ke kira Mosi-oa-Tunya, hayaƙi mai tsawa. Faɗinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, zurfinsa sama da mita 100, ga gadar jirgin ƙasa ta 1905 a gabansa wadda ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe. A Afrilu da Mayu ruwan ya cika har feshinsa yana jiƙa mutum sharkaf, a Oktoba da Nuwamba kuma ɓangaren Zambiya yana raguwa sosai har ka ga dutse tsirara.

Ba dole ne ma ka kai Kapiri ba. Mai son Malawi ya sauka a Mbeya ya hau mota ta Kyela zuwa bodar Songwe. Mai son tafkin Tanganyika ya sauka a Kasama ya nemi motar Mpulungu, sai dai ka gaya wa ma'aikacin taragonku tun da rana ya tashe ka, don ba a sanar da sunan tasha da dare.